Ciwon Damuwa Mai Saiwa Tun Daga Ƙuruciya, Da Yadda Ake Jinyarsa Ta Hanyar Zantawa

Duk ranar da kika zo awo mukan ɗora ki a kan sikeli, mu auna jininki, mu duba fitsari, mu saurari bugun zuciyar ɗan da ke cikinki, sannan mu rubuta komai a kati. Amma akwai abu guda da sikeli ba ya nunawa, kuma sau da yawa ke ma ba kya faɗa, wato halin da zuciyarki take ciki. A kansa nake so mu tattauna a wannan fitowa, musamman irin ciwon damuwar nan da saiwarsa take komawa can baya, zuwa lokacin da ke kanki kike ƙaramar yarinya.

Bari in fara da labarin wata ƙanwata da ta zo awon mako shida bayan haihuwarta ta fari. Na sauya wasu abubuwa a labarin domin kare sirrinta. Jikinta lafiya lau, ɗinki ya warke, jini ya tsaya, amma nauyin jaririyar bai ƙaru yadda ya kamata ba. Da na ce ta ba ta nono in gani, sai na lura ta sa ta a nono amma idonta yana kan bango. Na tambaye ta ko akwai abin da ke damun ta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can sai ta ce, "Sista, yarinyar nan ba ta so na. Da na ɗauke ta sai ta kau da kai. A hannun kowa tana yin shiru, ban da nawa." Da hira ta yi nisa na ji cewa tana shekara uku auren iyayenta ya mutu, aka bar ta a hannun matar uba. Idan ta yi kuka, ko dai a doke ta ko a kulle ta a ɗaki har sai ta gaji ta yi shiru. Ta ce ita ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, ai ya wuce. Ashe bai wuce ba.

Mene ne ciwon damuwa?

Kowa yakan shiga ɓacin rai, kuma mai jego takan sami kanta tana kuka ba gaira ba dalili wajen kwana uku zuwa biyar da haihuwa, saboda gajiya da sauyin sinadaran jiki. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Ciwon damuwa dabam yake. Shi ne idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya zauna miki kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, ya kuma hana ki gudanar da al'amuranki. Yakan zo da rashin barci ko da jaririn yana barci, da rashin cin abinci ko cin da ya wuce ƙima, da kasala, da mantuwa, da saurin fushi, da ganin kanki ba ki da amfani, wani lokaci har da tunanin gara mutuwa. Mata da yawa a nan ba sa cewa "ina baƙin ciki". Abin da muke ji shi ne "kaina yana zafi", "ƙirjina ya yi nauyi", "zuciyata tana bugawa", "jikina ba ƙarfi".

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu, da kashi 13 cikin 100 na waɗanda suka haihu, suna fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kusan kashi 16 a lokacin ciki da kusan kashi 20 bayan haihuwa, wato mace 1 cikin 5. Ke nan a kan kowane bencin ɗakin awo da wuya a rasa mai ɗauke da shi. Abubuwan da suke kawo shi suna da yawa: gado, talauci, rikicin aure, duka, ɓari ko rasuwar jariri, haihuwa mai wahala, rashin mataimaki. Ɗaya daga cikin manyansu, wanda kuma ba a cika tambaya a kansa ba, shi ne irin riƙon da mace ta samu tana ƙarama.

Shaƙuwar farko

A shekarar 1951 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila mai suna John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka rasa gida da kulawar iyaye bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya tsaya a kai shi ne, bayan abinci da sutura, ƙaramin yaro yana bukatar wani babba tsayayye wanda zai shaƙu da shi, wanda zai gudu wurinsa idan ya tsorata. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda a 1954 zuwa 1955 tana ziyartar iyaye mata da jariransu a ƙauyukan da ke kusa da Kamfala, daga baya ta ci gaba da binciken a Amurka. Ta gano cewa jaririn da ake lura da alamominsa, ake amsa masa idan ya yi kuka, shi ne yake samun natsuwar sakin uwarsa ya rarrafa ya yi wasa, domin ya san idan ya waiwayo tana nan.

Kada ki ɗauka wannan yana nufin dole sai uwa ita kaɗai. Wani bincike da Robert Marvin da abokan aikinsa suka buga a 1977 a kan jariran Hausawa a Nijeriya ya nuna cewa jariri yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida, amma akwai guda ɗaya da ya fi nema idan ransa ya ɓaci, wadda ta fi ɗaukarsa da kula da shi, ko da ba ita ta haife shi ba. Don haka riƙo a wurin kaka ko gwaggo, ko kunyar ɗan fari, su kaɗai ba sa jawo lahani matuƙar yaron ya faɗa hannun mai tausayinsa. Inda rauni yake samuwa shi ne idan yaro ya rasa kowa, ko aka yi ta yawo da shi daga gida zuwa gida, ko kuma wanda ya kamata ya gudu wurinsa shi ne wanda yake tsoro. Yaron da yake cikin wannan hali ba shi da wurin kai kukansa. Sai ya koyi haɗiye shi, ya kuma tashi da zaton cewa shi ne mai laifi, shi ne ba a so.

Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya haɗa sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa mutanen da aka cutar ko aka yi watsi da su suna yara sun ninka sauran kusan sau biyu wajen samun ciwon damuwa mai daɗewa ko mai yawan dawowa.

Me ya sa yake tasowa lokacin ciki da goyo?

Mace tana iya yin shekaru ashirin tana harkokinta, ta yi karatu, ta yi aure, ba tare da tsohon mikin ya motsa ba. Amma ciki da haihuwa sukan mayar da ita wurin da ta baro. Yanzu ita ce uwa, ga kuma wani ɗan ƙaramin rai yana kuka dare da rana, irin kukan da ita aka hana ta yi. Wata masaniya a Amurka mai suna Selma Fraiberg ta yi rubutu a kan wannan a 1975, bayan ta yi aiki da iyayen da suka kasa kula da jariransu. Ta lura cewa waɗanda suka fi maimaita wa 'ya'yansu abin da aka yi musu su ne masu iya ba da labarin dukan da suka sha tiryan-tiryan, amma sun manta da tsoro da baƙin cikin da suka ji a lokacin. Waɗanda suka iya tuna zafin kuwa, suka kuma sami mai sauraron su, su ne suka fi iya cewa "ɗana ba zai ɗanɗana wannan ba".

Hangen zuci

A nan ne maganar jinyar da nake son gabatar miki ta shigo. Masana suna kiran ginshiƙinta mentalaizeshan, ni kuma zan kira shi hangen zuci. Ma'anarsa ita ce iya tuna cewa bayan kowane aiki da mutum ya yi akwai wani abu a zuciyarsa, kamar tsoro ko bukata ko gajiya ko zato, kuma haka yake a gare ki ke ma. Na ce hange ne domin zuciyar wani ba a ganin ta ƙarara. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuskar ma alama kawai take bayarwa, ana iya karanta ta ba daidai ba. Mai hangen zuci takan ce, "Wataƙila yunwa yake ji, ko kuwa zafi ne ya dame shi? Bari in gwada in gani."

Ba a haifar mutum da wannan baiwa a kammale, a cinya ake koyon ta. Idan jariri ya yi kuka uwa ta dube shi ta ce, "Ayya, ka tsorata ko? Yi shiru, ga ni," fuskarta da muryarta suna nuna masa abin da yake ji, a hankali har ya gane cewa wannan abu sunansa tsoro, kuma yana wucewa. Wanda bai sami mai yi masa haka ba yakan girma da wuyar sanin abin da ke ransa, da saurin yanke hukunci a kan abin da ke ran wasu.

Kowa yakan rasa hangen zuci idan ransa ya ɓaci ƙwarai, amma mai tsohon rauni ta fi saurin rasa shi, ta kuma fi daɗewa kafin ya dawo. Masana sun bayyana hanyoyi uku da hakan yake faruwa. Ta farko, abin da kika ji a ranki ya zama shi ne gaskiya ba tantama: "na ji ba ta so na, don haka ba ta so na". Ta biyu, ki yi ta magana mai tsari a kan matsalarki amma zuciyarki ba ta cikin maganar, kamar labarin wata kike bayarwa. Ta uku, ki daina yarda da komai sai abin da ido ya gani: "idan maigida bai shigo ɗakina yau ba, to ya daina ƙaunata". Ciwon damuwa yana ƙarfafa duka ukun, su kuma suna ƙara masa nauyi.

Ga abin da ya kamata ya kwantar miki da hankali. A 1991 Peter Fonagy, tare da Howard Steele da Miriam Steele, sun buga binciken da suka yi a Landan, inda suka zanta da mata 100 masu cikin fari a kan ƙuruciyarsu. Daga yadda mace ta ba da labarin, sun iya hasashen irin shaƙuwar da ɗanta zai yi da ita yana shekara guda, kuma hasashen ya yi daidai a kashi 75 cikin 100. Da suka ware matan da suka sha wahala suna yara, sai suka ga 10 daga cikinsu suna da hangen zuci mai ƙarfi, kuma dukkan 'ya'yansu 10 sun shaƙu da su cikin natsuwa. Sauran 17 da ba su da shi sosai, ɗa 1 ne kawai ya sami haka. Wato wahalar da kika sha ba ita kaɗai take yanke wa ɗanki hukunci ba. Yadda kika iya tunani a kanta yana da babban tasiri, shi kuma abu ne da ake iya koya ko da an girma.

Yadda jinyar take gudana

Fonagy da wani likita mai suna Anthony Bateman su ne suka tsara wannan jinya a Landan. Sun fara ta ne da masu wata lalura mai tsanani da take sa mutum saurin hawa da sauka da yi wa kansa rauni, waɗanda da yawansu an cutar da su suna yara. A sakamakon da suka buga a 1999, bayan wata 18 na jinya an sami raguwar yunƙurin kashe kai, da kwanciya a asibiti, da alamomin ciwon damuwa. A kan wannan lalura ce hujjar jinyar ta fi ƙarfi. Daga baya aka faɗaɗa ta. A 2012 an nuna ta rage yi wa kai rauni da ciwon damuwa a tsakanin matasa. A Ingila akwai wata gajeriyar jinya ta zama 16, sau ɗaya a mako, da aka gina a kan wannan tunani musamman domin ciwon damuwa. A Jami'ar Yale ta Amurka kuma, tun 2002 aka fara wani shiri inda nas da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a suke ziyartar mai cikin fari a gida, daga ƙarshen ciki har yaro ya shekara biyu, suna taya ta lura da abin da ke ran ɗanta, kuma an ga yaran sun fi shaƙuwa da iyayensu cikin natsuwa.

Idan aka tura ki wurin masanin halayyar ɗan Adam mai bin wannan hanya, ga abin da za ki tarar. Za ku zauna ku biyu a ɗaki, yawanci kusan awa guda, sau ɗaya a mako, kuma kina iya zuwa da jaririnki. Ba za a tilasta miki tono duk abin da ya faru a baya ba. An fi farawa da abin da ya faru cikin makon nan. Mai jinyar ba zai nuna ya fi ki sanin zuciyarki ba, tambaya zai riƙa yi. Idan ya ga ranki ya fara tashi sai ya dakatar da zancen, ku koma baya kaɗan zuwa daidai inda abin ya sauya.

Ƙanwar tawa da na ba ku labari ta ba ni misalin wani zama da ta yi da masaniyar da muka tura ta wurinta. Ta ce mata, "Jiya ma ta ƙi ni." Sai malamar ta ce, "Mu tsaya a nan. Kafin ta kau da kai, me ya faru?" Ta ce ta daɗe tana yi mata wasa, ga baƙi cike da ɗaki. Malamar ta ce, "Da ta kau da kai, me kika ji a jikinki?" Ta ce ƙirjinta ya yi sanyi, kamar lokacin da take shiga ɗaki matar babanta ta juya mata baya. Malamar ta ce, "Wannan ya isa ya sa mutum jin haka. Amma ita jaririyar mai wata biyu, me kike ganin yake iya sa ta kau da kai?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ko ta gaji ne?" Haka ne kuwa. Jariri yakan kau da kai idan hayaniya ko wasa ya yi masa yawa, ya huta, sannan ya waiwayo. Kuma jariri mai wata biyu ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta ƙulla ƙiyayya ko ta shirya ɓata wa wani rai ba. Aikin jinyar ke nan: a raba fuskar matar uba da fuskar jaririya, a yi ta maimaitawa har zuciya ta saba. A cikin haka ita ma majinyaciyar tana samun abin da ta rasa tana ƙarama, wato wani da zai zauna ya damu da sanin abin da ke ranta.

Waɗanda suka ƙware a wannan hanya ba su da yawa a ƙasar nan, don haka kada ki zauna jiran ta ita kaɗai. Akwai wasu hanyoyin jinya ta zantawa da aka tabbatar suna aiki. A karkarar Rawalpindi ta ƙasar Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye yadda za su zanta da masu ciki da ke fama da ciwon damuwa. A sakamakon da aka buga a 2008, wata shida bayan haihuwa kashi 23 cikin 100 ne kawai suke da sauran ciwon, alhali a cikin waɗanda ba a yi musu haka ba kashi 53 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin koyar da wannan tsari a 2015. Haka nan wani babban nazari na 2022 ya nuna cewa masu raunin ƙuruciya, ko da yake ciwonsu yakan fi tsanani, su ma suna samun sauƙi da jinya kamar kowa.

Maganar ƙwayoyi

Idan ciwon ya yi tsanani likita yana iya haɗa miki da maganin sha. Akwai waɗanda ake bayarwa a lokacin ciki da shayarwa bayan likita ya auna amfani da haɗari. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara jin aikinsu. Kada ki sayi maganin barci ko na damuwa a kemis da kanki, kuma idan kina kan magani tun kafin ciki kada ki daina sai kin ga likita, domin dainawa farat ɗaya tana iya dawo da ciwon. Mukan kuma duba jini, saboda ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kawo kasala mai kama da wannan. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Kamuwa da wannan ciwo bai nuna ƙarancin imani ko rashin godiya ba, kamar yadda hawan jini bai nuna haka ba.

Abin da za ki iya farawa da shi a gida

Idan kika ji ranki ya tashi, dakata ki ambaci abin da kike ji da sunansa, ko a zuci: tsoro ne, ko fushi, ko gajiya, ko kaɗaici. Sannan ki tambayi kanki, "Wannan na yau ne, ko ya tuna mini da wani abu na da?"

Duk lokacin da kika ji kin tabbatar da abin da ke ran wani, ko jariri ko maigida ko uwar miji, ki nemo wasu dalilai biyu da za su iya sa ya yi abin da ya yi. Idan babba ne, ki tambaye shi.

Ki ware minti biyar a rana ki zuba wa jaririnki ido kawai. Sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke nesa da shi kamar santimita 20 zuwa 30, wato daidai tsakanin nono da fuskarki. Ki riƙa faɗa masa abin da kike zaton yana ji. Murmushin da yake mayar wa mutum yakan fara ne wajen mako shida zuwa takwas, don haka rashinsa kafin nan ba ƙi ba ne. Mai ciki ma tana iya farawa tun yanzu, idan ɗan ya motsa ta dafa cikin ta yi masa magana.

Ki sani kukan jariri yakan ƙaru har wajen mako shida, sannan ya ragu wajen wata uku zuwa huɗu. Idan kika ji haƙurinki ya ƙare, ki miƙa shi ga wani, ko ki kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci ki fita tsakar gida na 'yan mintoci. Kada ki taɓa jijjiga jariri da ƙarfi, domin yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa.

Kada ki nemi zama uwar da ba ta kuskure. Edward Tronick, wani masani a Amurka da ya daɗe yana nazarin uwa da jariri fuska da fuska, ya nuna cewa ko a tsakanin masu lafiya, kimanin kashi 30 cikin 100 na lokaci ne kawai suke dacewa da juna daidai. Sauran lokacin saɓani ne da gyara. Idan kika yi tsawa, ki dawo ki rarrasa. Dawowar ita ce take gina yaro.

Gare ku magidanta da iyaye

Maigida, idan ka ga iyalinka ta sauya bayan ciki ko haihuwa, ba ta walwala, ba ta kula da kanta, kada ka fara da zargin raini ko lalaci. Ka zauna ka tambaye ta, ka kuma saurara ba tare da gaggawar ba da shawara ba. Ka nemo mai karɓar jaririn domin ta sami barci na wasu awanni a jere, ka ba ta izini da kuɗin mota ta zo asibiti, in da hali ka rako ta. Maza ma suna kamuwa da ciwon damuwa bayan an yi musu haihuwa, kuma su ma ƙuruciyarsu tana iya taso musu, don haka ƙofar a buɗe take gare ka.

Iyayenmu mata, Inna da Hajiya da Gwaggo, zaman da kuke yi da mai jego har arba'in babbar kariya ce, Allah ya saka da alheri. Abin da muke roƙo shi ne idan ta ce ranta ba daɗi, kada a rufe mata baki da "ki yi haƙuri, kowa haka ta yi". A tambaye ta me take ji. Kuma a sani wannan bayani ba don a tuhumi wani a kan abin da ya wuce aka kawo shi ba. Da yawa daga waɗanda suka yi riƙo mai tsanani su ma haka aka riƙe su.

Alamomin da ba a jira da su

A kawo mace asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan tana maganar kashe kanta ko cutar da jaririn, ko ta daina ci da sha, ko ta yi kwanaki ba barci amma ba ta jin gajiya, ko tana jin muryoyi da ganin abin da ba kowa ke gani ba, ko ta rikice tana cewa jaririn ba nata ba ne. Waɗannan na ƙarshe alamomi ne na taɓin hankalin bayan haihuwa, wanda yake samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci a makonni biyun farko. Yana warkewa idan an kawo da wuri. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kada a ɗaure ta, kada kuma a ɓata kwanaki ana cewa iska ce. Waɗanda suke nesa da mu suna iya zuwa babban asibiti mafi kusa, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Kaduna da Kware da Maiduguri.

Idan abin bai kai haka ba amma kin ga kanki a cikin wannan rubutu, ki faɗa wa ungozomar da ta duba ki a awo na gaba. Akwai wata takarda mai tambayoyi 10, wadda aka tsara a Edinbara a 1987 kuma ake amfani da ita a ƙasashe da yawa, da take taimaka mana mu gane wadda take bukatar ganin likita. Ba ta wuce minti biyar ba, kuma sirrinki yana nan a rufe.

Ita ƙanwar tawa ta yi wata biyar tana zuwa zaman zantawa, tare da maganin da likita ya rubuta mata. Ba ta ce komai ya wuce ba, akwai ranakun da nauyin yake dawowa. Amma ranar da ta kawo yarinyar rigakafin wata tara, nauyinta ya hau layi a kati. Da aka yi allurar yarinyar ta tsala ihu ta kau da kai, sai na ji uwar tana cewa, "Kin ji zafi ko? Kina fushi da ni na riƙe ki aka soke ki? Yi haƙuri, ga ni nan." Ba a jima ba yarinyar ta juyo ta cusa kai a ƙirjinta.

Allah ya sauke masu ciki lafiya, ya ba masu jego lafiyar shayarwa, ya raya mana abin da muka haifa. Sai mun haɗu a ɗakin awo.